Rim da tayar da za ka saya idan ka sauke Challenger, Mustang ko Camaro ƙasa

Yawancin masu sauke irin waɗannan motocin na Amurka, wato rage musu tsayi daga ƙasa, suna fara sayen rim, daga baya su canja sifirin, sai su ji taya na gogar jikin mota duk lokacin da suka shiga kwana. A juye ya kamata a yi. Fara sauke motar, ka ɗan yi yawo da ita har sabon sifirin ya zauna, a yi mata saitin ƙafa, sannan ka auna filin da ya rage tsakanin taya da bakin madigadi. Sifirin ragewa na gama-gari, irin su Eibach Pro-Kit, suna sauke mota da kamar inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma wannan ɗan incin shi ne zai ce maka wace taya za ta shiga, wacce ba za ta shiga ba.

Lambar da ke jikin taya ita ce mafarin lissafi. A 245/45R20, wadda Challenger R/T ta zo da ita, 245 faɗin taya ne da milimita, 45 na nufin tsayin gefen robar kashi 45 cikin ɗari ne na faɗin, 20 kuma girman rim ne da inci. In ka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya milimita 728 ne. Tayar Challenger Hellcat, 275/40R20, ta fi faɗi da milimita 30 amma tsayinsu ɗaya. Irin wannan musanyar ake so: ka ƙara faɗi ba tare da ka taɓa tsayi ba. Da zarar tsayin ya bambanta da na kamfani da fiye da kashi 3 cikin ɗari, maleji zai fara yi maka ƙarya, na'urar ABS mai hana birki kulle taya da mai hana santsi kuma su riƙa karanta gudun da ba shi ne ba.

Yanzu maganar inci 18, 19 ko 20. A hoto babu shakka 20 ta fi kyau, tana cika ramin taya. Amma tun da tsayi ba zai canja ba, duk incin da ka ƙara wa ƙarfe daga roba ka cire shi. Dubi Mustang GT na 2015 zuwa 2023: gefen 235/50R18 ya kusa milimita 118, na 255/40R19 kuwa 102. Bambancin kamar ba komai ba ne, sai ranar da ka faɗa rami da gudu. Motar da aka sauke dama sifirinta ya yi tauri, wurin motsawarta ya ragu, don haka robar ce ke shanye ragowar bugun. Idan ba ta da kauri, rim ne zai lanƙwashe ko gefen taya ya yi ƙululu, kuma ƙululu ba ya facuwa komai gwanintar mai faci. Wanda zai tuƙa Mustang a titunanmu, da ramukan damina da tudun rage gudu a kowace unguwa, a ganina 19 ce iyakarsa. Challenger babbar mota ce, tayarta doguwa, ko a kan 20 tana da gefen milimita 110, shi ya sa ita tana ɗaukar 20 lafiya. Inci 22 kuwa ka bar wa masu ajiye mota don a ɗauki hoto.

Kafin ka yi ƙasa zuwa 18, leƙa birki. Motocin da ke da manyan birkin Brembo ba kowane rim 18 ke rufe su ba, dole a gwada a jikin motar.

Sai zaɓi tsakanin taya huɗu iri ɗaya da kuma ta baya ta fi ta gaba faɗi. Camaro SS na 2016 zuwa 2024 da 245/40R20 ta zo a gaba, 275/35R20 a baya. Faɗin baya yana taimaka wa inji mai silinda takwas ya kama ƙasa a tashin farko, kuma ya fi cika ido. Illarsa ba za ka iya mayar da na baya gaba ba, ga shi na bayan ne ke fara cinyewa. Sauke mota kuma yana sa kan taya ya karkata ciki, sai gefen ciki ya shafe alhali waje sabo fil. Mai hawa kullum, huɗu iri ɗaya sun fi masa sauƙin aljihu.

Ramukan noti ma akwai tarko. Duk biyar ne, amma Mustang 5x114.3 ce, Challenger da Charger 5x115, Camaro ta zamani 5x120. Mai shago zai ce maka na Mustang na shiga Challenger, kuma da gaske zai shiga, sai dai notin ba zai zauna daidai tsakiyar raminsa ba. Kada ka yarda. Duba kuma lambar ET da aka buga a bayan rim, wadda ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje: idan ta yi ƙasa da ta kamfani rim zai fito waje ya goge madigadi, idan ta yi sama zai shige ciki ya taɓa shokozoba. Mustang na 2005 zuwa 2014 tana da nata halin, domin ƙafar bayanta ƙarfe ɗaya ne a haɗe, in an sauke ta yakan ɗan goce gefe guda, sai a sa sandar Panhard mai saiti a dawo da shi tsakiya kafin a auna komai.

Idan tayar Beljiyam za ka saya, karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin tayar. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta wuce shekara shida, ko haƙoranta na nan cif, zafin kwaltarmu a watan Afrilu ba zai raga mata ba.