Gargaɗi ga masu zuwa Istanbul: yaron da ke cewa zai zaga da ku cin abinci ɓarawo ne

Salamu alaikum jama'a. Duk mai shirin tafiya Istanbul daga nan Yamai, musamman mu mata masu sarin kaya a unguwar Laleli, don Allah ku tsaya ku karanta. Akwai wani yaro da ke talla a TikTok da cikin grup-grup na WhatsApp, wai shi ɗalibi ne ɗan Nijar da ke karatu a can, wai yana zagawa da baƙi a ƙafa unguwa-unguwa ana ɗanɗana abincin Turkawa. Ƙarya yake. Ya ci mana jaka 265. Jaka 265 na sefa, sama da yuro 400 ke nan, mu uku, ni da ƙanwata da wata Hajiya abokiyar kasuwancina daga Tawa, kuma ko shayi ɗan kofi guda ba mu sha daga hannunsa ba.

Tun kafin wani ya fara rubuta min "ai ke ce kika yi sakaci", bari in faɗa muku ni ba baƙuwar tafiya ba ce. Na sha zuwa Istanbul, na san Laleli da Aksaray, na san inda ake canji da inda ake kai kaya kargo. Sai dai duk zuwan da nake daga otel sai shago, daga shago sai otel, abinci kuma dona (gasasshen naman nan irin na shawarma) da shinkafa a wuri ɗaya kullum. Wannan karon ƙanwata ce zuwanta na farko, Hajiya kuma ta ce ita dai tana son ta ga gari ta ci abin da 'yan gari ke ci, ba sai kaya kawai ba. Shi ya sa da na ga tallarsa na ce to ga dama ta samu.

Kuma na bincika fa. Wallahi na bincika. Ban tura ko dala ba sai da na ce ya kira ni bidiyo, kuma ya kira. Yana tsaye kan gadar Galata, ga masu kamun kifi jere da sandunansu a bakin gadar, ga masallacin Yeni Cami a bayansa, ya juya wayar ya nuna min inda ake gasa kifi a Eminonu ana sawa cikin burodi da albasa da ganye, ya ce "Hajiya ga kifinku nan yana jiranku." Da Hausar Adar ya faɗa, irin ta gidan su Hajiya sak. Wannan kiran shi nake ta maimaitawa a kaina dare da rana. Ya ce min Mama, ya ce min Hajiya, ya tambayi lafiyar yara, har ya ce in faɗa masa in akwai mai ciwon suga cikinmu don ya rage wuraren kayan zaƙi. Ku faɗa min, wa zai ji wannan ya kawo ma ransa ɓarawo ne? Mutumin da ya tambaye ka ciwon suga?

Tsarin da ya turo ma ba na wanda bai san gari ba ne. Za a fara da simit (burodinsu mai riɗi) da shayi da safe, a shiga Kasuwar Misira wadda aka gina tun wajen 1664 a ɗanɗana lokum (alawar Turkawa) da busassun 'ya'yan itace, a ci kifin nan a bakin ruwa, a hau jirgin ruwa a tsallaka Kadikoy ɓangaren Asiya, a ci kayan zaƙinsu, kunefe mai cuku da zafinsa, a rufe da baklawa. Ya ce duk wurin da ake sayar da giya ba zai shigar da mu ba. Kowa jaka 75. Uku, jaka 225. Ya ce kar in wahala da canji, in tura ma ƙanensa a nan gida ta ajans ɗin tura kuɗi, shi ya fi sauƙi. Na tura, resi na nan hannuna.

Ranar da aka yi alkawari muka hau tiram daga Laleli muka sauka Eminonu, ya ce mu jira shi gaban Yeni Cami inda tattabaru ke taruwa, ƙarfe 10. Hajiya ta yi kwalliya, ta ƙi karyawa a otel wai kar ta cika ciki. Muka tsaya. Iska mai sanyi na tasowa daga ruwa, Hajiya ga ciwon gwiwa, ta zauna kan matakalar masallaci tana murza ƙafa, duk baƙin fatar da ya gifta sai ta ce "ko shi ne?" Har aka kira azahar muna nan.

Af, na tsallake wani abu. Jaka 40 ɗin. Wannan tun muna Yamai ne, ana gobe za mu tashi, ko kuwa a daren da muka sauka, kai dai cikin hidimar tafiya ne, ya yo min bokal (saƙon murya) wai gidan abincin Kadikoy sun ce sai an kama tebur, ga kuma kuɗin jirgin ruwa, in ƙara jaka 40. Daga aljihuna na ba da, ban ko gaya ma su Hajiya ba. Daga baya na ga jirgin ruwan nan da katin Istanbulkart ɗin da ke jakata ake shigarsa, katin da nake hawa tiram da shi, kuɗi kaɗan. Jaka 40 a kan wannan. 225 da 40, jaka 265.

A gaban masallacin na kira ya fi a ƙirga. Da farko wayar tana shiga ba a ɗauka, ya turo saƙo ɗaya "Mama ina hanya, cunkoso ne", daga nan sai hotonsa ya ɓace, saƙo ya daina tafiya. Ya toshe ni. Ƙanwata ta gwada da tata wayar, ita ma ya toshe ta. Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne kaɗai, ni ce na ce ma Hajiya "yaron kirki ne, ɗan garinku ne, na yi magana da shi ido da ido." Matar nan ta girme ni, ta yarda da maganata ta zaro jaka 75 cikin kuɗin sarinta. Ba ta ce min komi ba, sai cewa ta yi "tashi mu je mu ci kifin da kanmu ƙanwata." Muka je muka saya muka ci a tsaye, ni dai ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da yamma na ba wani ɗan Nijar mai aikin kargo a Laleli labari, ban ƙarasa ba ya ce ba mu ne na farko ba, an sha kawo masa wannan kukan. Shi ya bayyana min cewa a Turkiyya tun dokar 2012 ba kowa ke aikin jagoran baƙi ba, sai mai lasisi, kuma katinsa mai hoto a wuya yake ratayawa. To ai ni ma na nemi kati tun farko! Ya turo min hoton wani kati, yatsa ya rufe rabin fuskar, ya ce haske ne ya ɓata hoton. Ina da wannan hoton har yanzu.

Da muka dawo na je ajans da resi, suka ce an cire kuɗin tun ranar da aka tura. Na kai ƙara komisariya, na ba su duk abin da ke wayata. Hajiya ta ce in bar maganar nata kuɗin, ban yarda ba, zan biya ta jaka 75 ɗinta ko da kaɗan-kaɗan ne. Shi kuma Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Kaftur ɗin hirarmu da bokal ɗinsa da resi biyu duk zan saka su a ƙasa in ƙanwata ta gama rufe lambobinmu, ku saurari muryar da kyau don an ce yana canza suna. Kar ku tura ma kowa kuɗin yawo tun daga Yamai. Sai kun gan shi tsaye gabanku da katinsa, ku biya a can. Wadda ya taɓa yi ma haka ta yi min magana ta ciki, a haɗa resi a kai komisariya tare.