Loka ko shago mai ma'aikaci: ina ya fi a karɓi kayan da aka saya ta intanet?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka yi odar sabuwar waya da takalmi ta intanet, da ka zo wajen zaɓen inda za a kawo maka, manhajar ta ba ka hanya biyu: ko a ajiye a shagon da ke da ma'aikaci mai miƙa kaya, ko a saka a loka, wato akwatunan ƙarfen nan da ake jerawa, kowanne da ƙofarsa, mutum ya je ya buɗe da lambar sirri. Ka kuma ce ba ka tashi daga aiki sai dare. Shawarata ita ce takalmin ka tura loka, wayar kuwa ka nemi wuri mai mutum, ko da sai ranar hutunka za ka samu zuwa.

Abin da loka ta fi shago da shi a fili yake, lokaci ne. Wadda aka kafa a waje, a gidan mai ko tashar jirgin ƙasa ko bakin babban kanti, dare da rana tana aiki, babu layi, babu jiran mai shago ya gama da wani. Saƙo zai shigo wayarka da lamba ko alamar QR, ka danna a allo ko ka nuna wa na'urar, ƙofa ta buɗe, ka ɗauka ka wuce. Mai aiki irin naka an yi ta domin shi. Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce ana gwaji a kanka: kamfanin DHL ya fara nasa a Jamus tun 2001, InPost ya fara a Poland a 2009, Amazon ya biyo baya a 2011. Sai dai ka duba inda take kafin ka zaɓa, domin lokar da ke cikin shago, idan an rufe shagon ita ma ta rufu ke nan. Wasu sababbi ma ba su da allo kwata-kwata, da manhaja da Bluetooth ake buɗe su, don haka wayar da cajinta ya ƙare ko ba ta da data za ta bar ka tsaye a gaban kayanka.

Akwai kuma sirri. Wanda ya sayi magani ko kayan ciki, ba ya son ana juya kwalinsa ana karanta sunan kamfani a gaban jama'a, loka ta rufa masa asiri.

Amma mu zo kan wayar, domin nan ne bambancin yake da nauyi. A loka, da zarar ƙofa ta buɗe, na'ura ta rubuta cewa kaya ya isa hannun mai shi. Idan ka tarar kwalin ya lotse, ko an yanke selotef an sake liƙewa, ko ka ɗaga ka ji bai kai nauyin waya ba, babu wanda za ka nuna wa a wurin. Za ka iya kai ƙara ta manhaja, ana kuma saurara, amma hujja a wuyanka take, kuma kai kaɗai ne shaida. A shago kuwa kana da abu guda mai daraja: damar ƙin karɓa. Ka duba kwalin ta kowane ɓangare kafin ka sa hannu ko a karanta lambarka, idan bai kwanta maka ba ka ce ba ka karɓa, a mayar. Kayan da ba ka karɓa ba har yanzu alhakinsa yana kan mai sayarwa da kamfanin jigila, kuma neman kuɗinka a wannan hali ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kada dai ka ɗora wa mai shagon abin da ba nasa ba, mutane da yawa suna yin haka su yi ta faɗa da bawan Allah a banza. Galibi ba ma'aikacin kamfanin da ya sayar maka ba ne. Mai kanti ne da ke kasuwancinsa, kamfanin jigila yana ba shi ɗan lada kan kowane ƙunshi da ya ajiye. Ba zai mayar maka da kuɗi ba, ba zai canza maka kaya ba, sau da yawa ma ƙa'idar kamfanin jigila ba ta ba shi damar barinka ka buɗe kwali kafin ka karɓa ba. Aikinsa ya tabbatar kai ne, ya miƙa, ko ya rubuta cewa ka ƙi. Wannan kaɗan ɗin ma ya isa a kan abu mai tsada.

Tabbatar da cewa kai ne, shi ma bambanci ne. A yawancin shaguna sai ka nuna katin shaida. Loka ba ta san fuska ba, duk wanda ke riƙe da lambar shi ne mai kaya. Wannan yana da daɗi idan kana son aiken ƙanenka, ka tura masa lambar, magana ta ƙare, alhali a shago sai an nemi izini ko katinka. Amma ta nan ne 'yan damfara suke shiga. Za su turo saƙo da sunan kamfanin jigila, su ce kayanka ya maƙale, ka danna nan ka biya ɗan kuɗi, ko wani ya kira ya ce ka karanto masa lambar domin a tabbatar. Lambar nan ba a karanta wa kowa a waya, kuma duk abin da ya shafi kayanka ka duba shi a cikin manhajar da ka yi odar, ba ta hanyar da baƙon saƙo ya nuna maka ba.

Abin da ya fi cin mutane ba su ankara ba shi ne wa'adi. Loka ba ta da haƙuri. Kowace ƙofa wuri ne da ake son ya yi ta juyawa, ƙunshin da ya kwana uku ya hana wasu shiga. Shi ya sa Amazon ke ba da kwana 3 kacal sannan a kwashe a mayar, InPost kuma awa 48. A Chana, a 2020, kamfanin Hive Box ya fara cajin kuɗi kan kayan da ya wuce awa 12 a loka, jama'a suka yi ca, har ya ƙara zuwa awa 18. Shago yana da kanta da lungu, ajiyar kwali ɗaya ba ta tsone masa ido, don haka wa'adinsa ya fi tsawo. A Taiwan, inda karɓar kaya a ƙananan kantuna irin su 7-Eleven ya zama ruwan dare, kwana 7 ake bayarwa. Wanda ke yawan tafiya, ko bai san ranar da kayan zai sauka ba, wannan kaɗai ya isa ya sa ya zaɓi shago. Kai da kake jiran ranar hutu, wa'adin shago zai kai ka.

Girma ma yana yanke hukunci tun kafin ka yi magana. Lokar Amazon a Amurka ba ta ɗaukar abin da ya wuce kimanin kilo 4 da rabi. Ta InPost ta fi yalwa, babbar ƙofarta santimita 41 da 38 da 64 ce, tana ɗaukar har kilo 25. Abin da ya wuce haka sai shago ko ƙofar gida. A lokacin da saye ya yi yawa kuma loka takan cika, ɗan aike ya iso bai sami ƙofa ba, a karkatar da kayan zuwa wata lokar ko wani shago da ba kai ka zaɓa ba.

Biyan kuɗi a hannu lokacin karɓa, wannan fagen shago ne. Akwai lokokin da ke karɓar kati, amma mai son ya ga kwali kafin kuɗinsa ya fita, gara ya nemi mutum.

Wani abin da nake so a riƙa kula da shi: ƙarfe ne a rana. Lokar da ke fili tana ɗaukar zafi sosai da tsakar rana, kuma batirin waya, man shafawa da wasu magunguna ba sa son haka. Ga kuma tsofaffi da masu keken guragu, waɗanda ƙofar sama ta fi ƙarfin hannunsu. InPost ya ba da damar a nemi ƙofar da ke ƙasa ta manhajarsa kafin kayan ya iso, kuma ya kamata kowane kamfani ya yi koyi. Wanda karatun allo ke ba shi wahala kuwa, mutum mai magana ya fi masa. Tunda da dare za ka je, ka zaɓi lokar da ke wuri mai haske da zirga-zirgar mutane, ko da ta ɗan fi nisa.

Shago ma da nasa aibun, ban ɓoye maka ba. Yana rufewa da wuri, yana hutun ƙarshen mako ko na biki, akwai layi, kuma ɗan'adam ajizi ne: a tsibin kwalaye ana iya ɓata lokaci ana neman naka, wani lokaci ma a miƙa wa wani mai suna irin naka. Loka ba ta irin wannan kuskure, ƙofa ɗaya lamba ɗaya.

Game da takalmin, ka tuna yana iya ƙin shiga ƙafarka. Kafin ka biya, duba ko mai sayarwar ya yarda a mayar ta loka, da yawa sun yarda, za su ba ka lamba ka saka kwalin a ƙofa ka rufe. Ka ɗauki hoton kwalin a ciki, ka kuma adana saƙon da ke nuna an karɓa. Idan ta shago ka mayar, kada ka fita sai da rasit a hannunka.

Idan manhajar ta haɗa wayar da takalmin a ƙunshi ɗaya, ka raba odar gida biyu, in kuɗin kawowa ba zai ninku ba. In zai ninku, tura su duka shago. Idan kuma babu shago kusa da kai sai loka, to ka je ranar da saƙon ya shigo, ka kunna bidiyo tun kafin ƙofar ta buɗe, ka nuna takardar da ke jikin kwalin da selotef ɗinsa, kada ka tsayar da ɗauka har sai ka fito da wayar ka kunna ta.