Sharhi: Fulogin Denso na iridium da na nikel a Hilux mai injin 2.7

Fulogi iri biyu na Denso aka fi ɗaura wa Hilux mai shan fetur, wadda ke ɗauke da injin 2TR-FE mai lita 2.7, irin wadda ta fara yawaita tun wajen 2005. Akwai K20HR-U11 na nikel, wanda a kwalin Toyota lambarsa 90919-01235, akwai kuma SK20HR11 na iridium mai lamba 90919-01191. Na yi aiki da kowannensu a a-kori-kura mai ɗaukar kaya, kuma duka biyun sun fita kunyata. Iridium ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, tashin safe da shi ya fi sauƙi, silo kuma ya fi zama daidai bayan an ci tafiya mai nisa. Amma maganar da masu shago ke yi cewa yana ƙara wa mota ƙarfi, ban gan ta ba. Duk wanda ya ji motarsa ta ƙara ja bayan ya sa iridium, tsofaffin fuloginsa ne suka riga suka mutu, kuma da sabon nikel ya sa, da abin da zai ji ke nan.

Abin da ya fi ƙarfen bakin muhimmanci shi ne lambar da ke jikin fulogin, domin kowane harafi da aikinsa. A ɗauki K20HR-U11 misali. K na nufin kaurin tiredi milimita 14, kuma soket mai lamba 16 ke kwance shi. Lamba 20 ita ce matakin zafinsa. H na nufin tsawon tiredin milimita 26.5. R na nuna akwai rizisto a ciki, wanda ke hana tartsatsin wuta damun kwamfutar mota da rediyo. Lamba 11 ta ƙarshe kuwa tazarar baki ce, milimita 1.1.

A kan wannan H ɗin ake yawan yin ɓarna. Tsohon injin Hilux na 2.7, wato 3RZ-FE, yana amfani da gajeren fulogi mai tiredi milimita 19, irin su K16R-U11. Kaurinsu ɗaya, soket ɗaya ke kama su, don haka gajeren yana shiga ramin 2TR-FE lafiya lau, mota kuma ta tashi. Sai dai bakinsa ya maƙale a cikin rami da kusan milimita 7 da rabi, wutar ba ta kai tsakiyar inda mai da iska suke haɗuwa. Mota za ta riƙa misin in an taka, ta sha mai, sannan baƙin hayaƙi ya cike ragowar tiredin da aka bari a buɗe. Ranar da aka zo ɗaura na daidai sai ya cije a rabin hanya, mai gaggawa ya danna da ƙarfi, tiredin ya tafi. Akasin haka ya fi muni: dogon fulogi a injin da ke son gajere yana leƙawa ciki har fistin ya iya taɓa shi. Saboda haka a je shago da tsohon fulogi a hannu, a jera shi da sabon a gwada tsawo, ko da mai shago ya rantse cewa "duk na Hilux ne".

Matakin zafi ma ba abin wasa ba ne. A wajen Denso da NGK, wani kamfanin fulogi, ƙaramar lamba ita ce mai zafi, babba mai sanyi, kuma 20 na Denso ya yi daidai da 6 na NGK, shi ya sa LFR6C-11 na NGK ke zama a madadin K20HR-U11. Bakin fulogi yana buƙatar zafin da ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 kafin ya riƙa ƙone dattin da ke taruwa a kansa. Wanda ya yi sanyi da yawa zai yi baƙi ya daina ba da wuta. Wanda ya yi zafi da yawa kuma, a mota mai lodi cikin zafin watan Afrilu, zai iya kunna mai tun kafin lokacinsa, abin da ke huda kan fistin. Wasu kan sa fulogi mai matakin zafi 16 don ɓoye matsalar injin da ke shan baƙin mai. Yana rage yin baƙi na ɗan lokaci, amma ciwon yana nan, an kuma ƙara masa wani. Masu sabuwar Hilux ta 2015 zuwa sama su duba littafin motarsu, domin injin da aka sabunta da Dual VVT-i, wato tsarin daidaita lokacin buɗe bawul, ya zo da wani fulogin daban mai tazarar milimita 0.8. Masu Hilux ta dizal kuwa ba su da fulogin wuta sam, hita ce a tasu.

Aikin canjin kansa ba shi da wuya, amma sai inji ya huce sarai. Kan injin na alminiyom ne, kwance fulogi da zafi yana iya fitowa da tiredi a jikinsa. Kayan aikin su ne soket 16 mai roba ko maganaɗisu a ciki, doguwar sanda ta ƙari, soket 10, da sifanar awon ɗauri in akwai. A fara cire akwatin iskar da ya hau kan murfin inji, a toshe bakin totur da tsumma mai tsabta. Kowane silinda da kwayil ɗinsa mai ba fulogi wuta, guda huɗu, kowanne noti ɗaya mai kai 10 ke riƙe da shi. A danna harshen soket ɗin waya a zare a hankali, domin robar ta sha zafi shekara da shekaru, ƙaramin ja ke karya ta, kuma soket maras harshe yana sassautawa a hanyar gargada ya kawo misin da za a yi ta nema.

Kafin a kwance fulogi, a hura iska cikin ramin. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, shi kuma ya fi muhimmanci ga motar da ke bin hanyar ƙasa a lokacin hunturu. Ƙura da yashi suna taruwa a gindin fulogi, da an zare shi sai su zube kai tsaye cikin silinda su riƙa cin ringi. In an tarar da baƙin mai a cikin ramin, robar murfin inji ce ta gaji, sai an canza ta, in ba haka ba man zai jiƙa robar kwayil ya lalata ta. In fulogi ya cije, kada a yi masa dole. A ɗan sassauta, a ɗiga man sassauta tsatsa, a mayar kaɗan, a sake juyawa, har ya saki.

Wajen ɗaurawa, da hannu ake farawa, da sanda da soket kawai ba tare da sifana ba. Ya kamata ya tafi sumul har ya zauna. In ya yi tauri tun zagaye na biyu, ya hau tiredi a karkace, a fito da shi a sake. Ɗaurin ƙarshe N·m 18 zuwa 20 ne a ma'aunin sifanar awo. Wanda ba shi da sifanar awo ya ƙara kusan rabin zagaye bayan sabon fulogi ya zauna, don wasar da ke gindinsa, wato zoben ƙarfen nan, ta lotse. In tsohon fulogi ake mayarwa, wasarsa ta riga ta lotse, ɗan motsi kaɗan ya isa. Kada a shafa giris ko baƙin mai a tiredi. Fulogin ya zo da rufinsa mai hana kamawa, kuma maiƙo yana sa a zarce ɗauri ba tare da an ji ba. Sakakken ɗauri ma illa ne, domin ta gindinsa fulogi ke miƙa zafinsa ga kan inji. Notin kwayil ƙarami ne, ɗauri kaɗan yake so.

A nan iridium yake da rauni guda. Tsinin bakinsa milimita 0.7 ne kacal, siriri kamar bakin allura, kuma ba ya jure taɓawa. Ba a goge shi da burushin waya ko samfefa, ba a cusa masa ƙarfe a bankare don gyara tazara. Al'adar nan ta wanke fulogi a duk sabis tana kashe shi tun bai ci rabin kwanansa ba. Nikel yana jure wannan, ana iya goge shi a mayar da tazararsa 1.1 ya ci gaba da aiki. A lissafin kamfani, nikel na kaiwa kilomita 30,000 zuwa 40,000, iridium kuwa 100,000. Amma wannan lissafi na lafiyayyen inji ne da mai mai kyau.

Tsofaffin fulogin da aka cire su ne za su faɗa maka wanne ya dace ka saya, don haka a jera su daga na ɗaya, na wajen lagireto, zuwa na huɗu. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka a baki alamar lafiya ce, irin wannan inji ya cancanci iridium. Baƙi busasshe yana nuna mai ya yi yawa, a duba iyakilina da nozul. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na hawowa ta ringi ko robar bawul, kuma zuba iridium a nan asarar kuɗi ce, domin zai toshe kamar yadda mai araha zai toshe. Fari fat mai ƙuraje yana nuna zafi ya yi yawa. In guda ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran na da launi, a binciki gaskit, wataƙila ruwa ke shiga silindar.

Babban abin da ke rage wa iridium daraja a kasuwa shi ne jabu, domin tsadarsa ta sa shi aka fi kwaikwaya. Na jabu tsininsa kan yi kauri ko ya karkace, rubutun jikin farin tangaran yana gogewa da farce, wasar gindinsa tana zamewa ta fita da sauƙi, tazarar huɗun kuma ba ta zuwa ɗaya. Mitar awon lantarki ma tana taimakawa: daga kan fulogi zuwa tsininsa, na gaske yana ba da wajen kilo-om 5, huɗun kuma kusa da juna. Jabu na iya tashin mota yau, bayan ɗan lokaci tsinin ya narke, tazara ta buɗe, kwayil ya riƙa wahala har ya ƙone, ga ɗanyen mai na bi ta salansa yana cin katalis, wato matatar hayaƙi. In kuɗin iridium ya zo daidai da na nikel, a bar shi. Nikel na gaske ya fi shi sau goma.

Motar da aka mayar ta koma amfani da gas na CNG, kamar yadda ake yi da yawa a Najeriya tun bayan cire tallafin mai a 2023, tana buƙatar wuta mai ƙarfi fiye da ta fetur. A nan siririn bakin iridium yana da amfani na gaske, domin yana rage wa kwayil nauyi, kuma a kan so tazara ta ragu zuwa wajen 0.8.

In an gama canji misin bai tafi ba, a sa na'ura a karanta lambar matsala daga kwamfutar mota. P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da ke da matsala. A ɗauke kwayil ɗinta a musanya da na maƙwabciyarta, a share lambar, a sake tayarwa. In lambar ta bi kwayil zuwa sabon wurinsa, shi ne ya mutu. In ta tsaya inda take, a koma kan nozul da awon kwamfireshan na wannan silindar.