Sunan tebur mai wahala a VBA: rufe shi da baka ko sake masa suna?

Mai rubuta makro (jerin umarnin da kwamfuta ke aiwatarwa da kanta) a Excel ko Access da harshen VBA ya san ranar da SQL, harshen neman bayanai daga tebur, ke tsayawa cak saboda an sa wa tebur suna irin Kuɗin Shiga 2024. Tazarar da ke cikin sunan ce ke ruɗa injin da ke karanta SQL.

Hanya ta farko ita ce a rufe sunan da baka biyu masu kusurwa: SELECT * FROM [Kuɗin Shiga 2024]. In shafin Excel ne ake karantawa ta ADO (hanyar da VBA ke bi ta karanta bayanai da SQL), sai a ƙara alamar $ kafin bakan rufewa. Ba a taɓa fayil ɗin kowa ba, kuma ta wadatar ko da sunan kalma ce da SQL ta riga ta mallaka, irin Order. Sai dai tana da tarko. Ɗigo a sunan shafi yakan koma # wajen ADO. In kuma aka koma PostgreSQL, wata manhajar adana bayanai, can alamar zance (") ake so a maimakon baka, wadda dole a ninka ta cikin VBA, har layin ya zama da wuyar karantawa. MySQL kuwa, wata manhajar irinta, tana da tata alamar daban.

Hanya ta biyu, a sake suna: KudinShiga2024, babu tazara, babu harafi mai lanƙwasa. Tambayoyin SQL sun huta har abada, amma duk fom da rahoton da ke kiran tsohon sunan sai an bi an duba su.

Ni dai, in tebur nawa ne kuma sabo, suna nake gyarawa tun farko. In na wani ofis ne da ake turo mini kowane wata, baka nake sa masa.