Kolam ɗin kuɗin mota da ya ɓace a kweri: Access ko Base?

Malam na ga tambayarka. Ka ce kana ajiye lissafin kayan gwari da ke sauka muku a kasuwar Mile 12 ta Legas cikin Access, manhajar ajiye bayanai ta Microsoft, tebur ɗin yana da kolam na kuɗin mota, kana buɗe tebur kana ganinsa amma da ka kunna kweri, wato tambayar da ke zaƙulo bayanai daga tebur, sai babu shi, shi ne kake tambaya ko ka koma LibreOffice Base, wata manhajar irinta da yaronka ya sa maka a laftof. Kar ka koma ko'ina tukuna. Tunda kana ganin kolam ɗin a tebur to bayananka suna nan, ko dai kweri ɗin bai nemi kolam ɗin ba ko kuma ya nema an ɓoye shi, kuma duka biyun suna faruwa a Base ma.

Kafin ka taɓa komai kwafi fayil ɗin ka ajiye a filash, ka san yadda wuta take a Legas.

Sai ka buɗe kweri ɗin ta SQL View, inda ake ganin umarninsa a rubuce, ka karanta abin da ke tsakanin SELECT da FROM, wannan layin shi ne zai raba gardama. In sunan kolam ɗin baya ciki to ba a nema ba. A Access in ka shiga Design View akwai layi a ƙasa mai suna Show da ƴan akwatuna, wanda babu tik a kansa ba zai fito ba ko da ana amfani da shi wajen tacewa ko jerawa. A Base abu ɗaya ne sak, sai dai layin sunansa Visible. Abin da ya fi kama mutane a Access shi ne kweri na jimilla, wato in ka danna Totals ka zaɓi Where a ƙarƙashin wani kolam, shi Access da kansa yake cire tik ɗin ba tare da ya tambaye ka ba, kuma in ka mayar da tik ɗin da ƙarfi zai yi maka ƙorafi.

Sannan ka tuna yaushe ka ƙara kolam ɗin. In bayan ka gina kweri ne ka ƙara shi a tebur, to kweri ba zai ɗauko shi da kansa ba sai in da alamar tauraro aka gina shi, SELECT * ke nan. Kamar yaron shago ne da ka ba lis ya je sito, abin da ka rubuta kawai zai kawo ko da sabon kaya na gabansa. Haka in kweri ɗin a kan wani kweri yake zaune ba a kan tebur ba, dole ka fara ƙara kolam ɗin a na ƙasan.

In kuwa sunan yana cikin SELECT amma idonka baya ganinsa, ɓoyewa ce. Wannan yawanci maus ne, mutum na jan gefen kolam yana rage faɗi sai ya matse shi ya koma sifili. A Access danna maus ta dama a kan sunan kowane kolam ka zaɓi Unhide Fields, lis zai fito ka sa tik. A Base ma ta dama za ka danna a saman kolam, inda Hide Column yake nan ne hanyar dawo da shi take.

Inda suka rabu sosai shi ne in ka yi kuskuren suna. Access bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, suna mai sarari a tsakiya kuma sai a saka shi cikin baka mai kusurwa kamar [Kudin Mota], amma in ka rubuta ba daidai ba, sai ya ɗauka tambaya ce ya ɓullo maka da akwatin Enter Parameter Value, mutane su danna OK kawai su samu kolam babu komai a ciki. Base ya fi tsauri, injin HSQLDB da ke cikinsa yana bambanta babban baƙi da ƙarami, "KudinMota" da "kudinmota" ba ɗaya ba ne, in ka cire alamar zance ma sai ya mayar da sunan manyan baƙaƙe duka ya ce bai san kolam ɗin ba. Yana ban haushi amma ni na fi son haka, gara ya tsaya ya faɗa min akwai matsala da ya ba ni sakamako rabi.

Akwai kuma Crosstab, kwerin da ke mayar da abin da ke cikin wani kolam ya zama kanun kolam-kolam, wanda Access ke da shi Base ba shi da irinsa, a Base sai dai ka kai bayanan Calc, wato irin Excel na LibreOffice, ka yi fibot (Pivot Table). In naka irin wannan ne, misali watanni ne a sama, watan da mota ko ɗaya ba ta sauka ba kolam ɗinsa ba zai fito ba sam, sai ka rubuta sunayen watannin da hannu a Column Headings. Amma ka kula, abin da ba ka rubuta a nan ba shi ma zai ɓace.

In tebur ɗin ba a cikin fayil ɗinka yake ba, a saba (server) yake irin SQL Server ko MySQL, Access na riƙe tsohon tsarin tebur har sai ka sabunta ta Linked Table Manager, a Base kuma ka shiga View sai Refresh Tables.

Maganar komawa Base, kyauta ne kuma yana aiki a Windows da Mac da Linux, Access kuwa Windows kaɗai kuma da kuɗi. Amma fom da rahoton da ka gina cikin fayil ɗin Access (.accdb) ba za su bi ka ba, sabon gini za ka yi, saboda kolam ɗaya wallahi bai kai ba. Kwafo mana layin SELECT ɗin ka turo, ba sai ka haɗa da sunayen kwastomomi ba.