Wata biyu ina shan shayin tsauri kafin barci

Maigidana direba ne, yana ɗaukar kaya tsakanin Gusau da Funtuwa. Duk wanda ya san hanyar Tsafe a shekarun nan ya san halin da matar direba ke shiga idan magariba ta yi waya ba ta shiga ba. Tun damina barci ya ƙaurace mini. In kwanta gabana na faɗuwa, in tashi in duba waya, in koma, har a kira assalatu.

Gwaggona ce ta lura da ramar da na yi. Ta ce, "Ɗiyata, wanga shayi naki na dare shi ka hana ki kwana. Taho in ba ki tsauri." Ta zaga bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, ta yanko mini dami guda na ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, wadda wasu ke kira ciyawar shayi.

Ganye uku ko huɗu nake wankewa in ƙulle su, in jefa cikin ruwan kofi biyu, ya tafasa kamar minti goma tukunya a rufe. Rufewar na da muhimmanci, don man da ke ba shi ƙamshi, wanda masana ke kira sitiral, tururi yake bi ya gudu. Sai in tace sosai, saboda gefen ganyen kaifi gare shi, ya taɓa yankar mini yatsa. Zuma kaɗan, wani lokaci da citta. Na gwada busasshe na leda da ake sayarwa a shago, amma rabin ƙamshin ya tafi, ban sake saye ba.

Ya yi mini amfani? Ya yi, amma zan faɗi iyakarsa tsakani da Allah. Cikin mako na biyu na fara samun barci kafin sha ɗaya, kumburin ciki da nake ji bayan tuwon dare ma ya ragu. Sai dai ina ganin babban dalili shi ne na daina baƙin shayi mai kauri da dare. Shi yana da sinadarin kafeyin mai hana barci, tsauri kuwa ba shi da shi. Ga kuma zaman kansa: bayan isha'i in ajiye waya, in riƙe kofi mai ɗumi, in yi azkar ɗina a natse. Wannan rabin awar ita ce ban taɓa ba kaina ba a da.

Ƙanena da ke karatun haɗa magunguna ya gaya mini cewa mutanen Burazil sun daɗe suna shan sa don kwantar da hankali, amma da aka gwada shi a kan mutane a can a 1986, ba a ga yana sa barci ko rage fargaba ba, ko da yake ba a ga ya cutar ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji masu talla na cewa yana warkar da ciwon damuwa. Maƙwabciyata da aka taɓa sace ɗanta har yau firgita take da dare, ba ta cin abinci. Ba shayi na kai mata ba, rakiya na yi mata zuwa wurin likita. Mai juna biyu ma ta tambayi ma'aikatan asibiti kafin ta sha, man tsauri na kwalba kuwa ba na sha ba ne.

Daren da maigida ya kwana a hanya wayarsa a kashe, kofi biyu na sha, idona biyu har asuba. Sauran darare kuwa yana taimaka mini, kuma zan ci gaba. Na karɓo saiwa biyu wurin Gwaggo na dasa kusa da randa, har sun fara tofo.