Kilishin da ya ƙetare teku ya ƙare a kwandon shara

Tsakanin Legas da Atlanta akwai kilomita wajen 9,400, kuma jirgi a tashi ɗaya yake cinye su, awa 12 da ɗoriya, babu yada zango. Kano zuwa Legas kuwa ba ta cika kilomita 900 ba, tafiyar awa ɗaya da rabi, amma sai da muka wuni a filin jirgi ana ce mana "yanzun nan". Ko ruwan leda ba a ba mu ba, balle haƙuri. Allah ya taimake ni na bar tazarar kwana guda, da tikitin Amurka ya bi ruwa.

A cikin babban jirgin akwai ɗan allo a gaban kowace kujera da ke nuna inda aka kai. Ka yi barci ka farka, shuɗin tekun Atlantika. Ka ci abinci ka sake dubawa, shuɗin nan dai. Ga agogo ya rikice, don Atlanta tana bayanmu da awa 5, in hunturu ya shigo ta koma 6. A zaune na yi sallah, ina kintatar lokaci.

Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kilishi ne.

Hajiyarmu da kanta ta aika unguwar Agadasawa ta Kano aka sayo, ta naɗe shi cikin takarda, ta cusa a tsakiyar kaya. Da muka sauka Atlanta, ina tsaye wajen ɗaukar jakunkuna sai ga wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa, da rigar aikinsa. Ya wuce jakar kowa, ya zo ya zauna a gaban tawa. Ni da ko inuwar kare ba na so ta taɓa kayana! Aka ja ni gefe, jama'a na kallo, aka zazzage komai a kan tebur. Kuka ta wuce, yaji ya wuce. Kilishi kuwa, jami'ar ta ce dokarsu ta hana shigo da naman shanu daga ƙasashe irin namu saboda cututtukan dabbobi, busasshe ne ko ɗanye. Ta ɗaga shi da safar hannu ta jefa a kwando.

Wallahi saura ƙiris hannuna ya tafi aljihu neman na goro. Sabo ke nan. Da na yi, da yanzu daga wani wurin nake rubuto muku. Matar nan ba ta ɗaga mini murya ba, ba ta kuma yaga ɓari ta ɓoye wa yaranta ba. Har cewa ta yi na kyauta da na amsa gaskiya da aka tambaye ni, don wanda ya ɓoye tara ake cin sa. Sai na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Ku kuma 'yan uwa, ku ji tsoron Allah da saƙo. Jaka biyu ake ba mutum, kowacce kilo 23, amma da an ji za ka tashi sai kowa ya tuna yana da ɗan uwa a Amurka. Har wanda nasa ke Kalifoniya ya kawo ƙulli, bai san daga Atlanta sai an ƙara fiye da awa 4 a sama ba.

Hajiya ta bugo waya jiya tana tambaya ko kilishin ya yi yaji. Na ce mata ya yi daidai.